Malam Edita, mutanen Maya fa ba su ɓace ba, ɗaya daga cikinsu ne ma ya tuƙa ni

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu.

Ni ba mai yawan rubuce-rubuce ba ne, wannan ce ma wasiƙata ta farko zuwa jarida, amma abin da na gani a shafinku na yawon buɗe ido makon jiya ne ya hana ni yin shiru. Kun sako hoton bakin tekun Tulum na ƙasar Meksiko, ruwa garai-garai ga tsohon gini a saman dutse, sai aka rubuta a ƙasansa wai mutanen da suka gina shi, wato Maya, sun ɓace ɓat ba wanda ya san inda suka shiga. Wallahi da na karanta sai da na tuntsire da dariya ni kaɗai a shago har yarona ya leƙo ya ce Alhaji lafiya, na ce lafiya lau, mutumin da na ci abinci a gidan mahaifiyarsa a watan Afrilu ne jarida ta ce ya ɓace.

Bari in faɗi abin da ya kai ni don kar a ce daga ina wannan ya fito. Ni ɗan kasuwar Dawanau ne, zoɓo da riɗi nake harka, kuma mutane da yawa ba su san zoɓon nan da ake nomawa a Jigawa da Kano kaso mai tsoka Meksiko yake tafiya ba, su can hamaika suke ce masa, kusan duk gidan abincin da ka shiga za ka tarar da shi a babbar kwalba ja wur. To wani abokin cinikinmu ne ya gayyace mu babban birninsu, muka gama abin da ya kai mu, kuma da yake jirgin da zai maido ni ta Istanbul daga Kankun yake tashi sai na ce tunda Allah ya kawo ni har nan bari in ƙara kwana biyar in ga wuri. Na kira Hajiyarmu na ce mata zan je in ga tsofaffin garuruwan Maya, sai ji na yi ta ce innalillahi, mayu? Wa ya aike ka wajen mayu? Sai da na ƙarar da katin waya wajen bayani, duk da haka ta ce in riƙe Ayatul Kursiyyu.

Shi Kankun ɗin ba tsohon gari ba ne ko kaɗan, da yawa daga cikin dattawanmu sun girme shi. A 1970 gwamnati ta hannun babban bankin ƙasar ta zaɓi wurin musamman don a gina wajen shaƙatawar baƙi, kafin nan ba kowa sai ɗaiɗaikun masunta da masu gadin gonar kwakwa, ita kanta jihar Kintana Ro da Kankun ke ciki sai 1974 ta zama jiha. Unguwar otal-otal ɗin wani siririn tsibiri ne mai siffar lamba 7, ya fi kilomita 20 tsawo, dama teku hagu tafki mai kadoji, otal na bin otal kaman akwatunan lefe. Ni dai da na ga farashin kwana ɗaya na lissafa shi da buhunan zoɓo sai na ja jakata na koma cikin gari inda talakawa suke, na kama ɗaki mai fanka da iyakwandishan mai tari.

Wannan tsumulmular tawa ita ta yi mini rana. Don da sassafe idan za ka bakin ruwa bas ɗin haya kake shiga, kuma a lokacin cike take maƙil da ma'aikatan otal kowa da yunifom ɗinsa, masu shara, masu girki, masu gyaran gado, gajeru masu faɗin ƙirji da baƙin gashi, wasu na gyangyaɗi don daga garuruwa masu nisa suka taso. Wasu mata biyu a bayana suna hira sai kunnena ya ji wannan fa ba Sifaniyanci ba ne, akwai wani ƙa da tsa a ciki irin namu sak, wanda Bature zai shekara yana koyo bai iya ba. Daga baya na gane yaren Maya ne na yankin Yukatan, kuma a ƙidayar 2020 sama da mutum 770,000 ne ke magana da shi, ban da sauran yarukan Maya na Chiapas da Guatemala da Belize waɗanda idan ka haɗa miliyoyi ne. Rigoberta Menchu da ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1992 ai 'yar ƙabilar Maya ce daga Guatemala. To Malam Edita wannan wace irin ɓacewa ce?

Bakin ruwan dai gaskiya Allah ya yi halitta, yashi fari tas kaman garin tuwo kuma ko rana ta take baya ƙona ƙafa sosai. A dokarsu bakin teku na kowa ne ba na otal ba, amma otal-otal sun jeru sun toshe hanya sai ka nemi 'yan ƙofofin da aka bari, ni Playa Delfines nake zuwa. Shawarata ga ɗan uwa mai kunya ya je bayan asuba ya dawo kafin hantsi, don daga ƙarfe goma shigar da za ka gani ba a cewa komai, sai dai ka yi ta kallon yatsun ƙafarka. Wani abin da hotonku bai nuna ba shi ne sargaso, wata ciyawar ruwa ce ruwan ƙasa da teku ke amayowa tuli-tuli, idan ta kwana ta ruɓe wari take kaman ruɓaɓɓen ƙwai. Tun wajen 2011 ta addabi yankin Karebiyan, kuma daga tsakiyar tekun Atlantika take zuwa, ɗaya bakin nata har gaɓar Afirka ta Yamma yake taɓawa, su Gana da mu duk tana zuwa mana. Kafin baƙi su tashi daga barci za ka ga maza da manjagara da baro suna kwashe ta cikin duhu-duhu don masu kuɗi su fito su tarar da yashi fes. Ka tsaya kusa da su ka kasa kunne ka ji da wane yare suke tsokanar juna.

Abinci kuwa nan na sha wuya, dole in faɗa don wani ya kiyaye. Mutanen nan da alade kaman Bahaushe da tuwo, abincin da suka fi alfahari da shi ma cochinita pibil alade ne da ake gasawa a rami cikin ganyen ayaba. Na ce to ni wake zan ci in huta, na yi kwana biyu ina narkar wake da ƙwai a wani ƙaramin gidan abinci ina ta santi, rana ta uku na tambayi matar da manhajar fassara ta waya me take sa wa waken nan yake daɗi haka, ta yi murmushi ta nuno mini roba cike da kitsen alade. Astagfirullah, ranar ko ruwa da ƙyar ya wuce. Daga nan na haddace kalma huɗu, sin puerco, sin manteca, ma'ana ba alade ba kitsensa, na koma kifi da shinkafa da gurasarsu ta masara. Barkononsu habanero ɗan uwan attaruhu ne, zafi ba wasa. Zoɓon kuma ba citta ba kanumfari, ruwa da sukari kawai salam, na sha ina cewa a raina ƙila ma ta hannuna ya biyo amma an wulaƙanta shi. Suna yin na tsamiya ma. Alƙibla kuma arewa maso gabas take kallo daga can, farko ban yarda da wayata ba sai da na duba a manhaja biyu.

Yanzu ga inda nake so in kai ka. Rana ta huɗu muka haɗa kuɗi mu huɗu da wasu baƙi muka ɗauki shatar mota zuwa Chichen Itza, wani tsohon birnin Maya, wajen kilomita 200 yamma da Kankun. Direban zai kai shekara hamsin, ya iya Turanci daidai gwargwado saboda ya daɗe yana aikin otal kafin ya samu mota, shi ya ce mu fita da duku-duku don mu riga manyan bas-bas isa, kuma da ka tsallaka jihar Yukatan agogo baya yake komawa da awa ɗaya, ribar ƙafa kenan. A hanya na tambaye shi yaya ake cewa rana da yarensu, ya ce k'iin, na maimaita masa ƙiin, sai da ya waigo ya kalle ni har mota ta ɗan karkace. Ya ce shekara da shekaru yana ɗaukar Turawa ba wanda ya taɓa faɗa daidai a karon farko. Na ce ai mu da ƙ aka yaye mu. Daga nan muka zama abokai.

Dalar Kukulkan, wato babban ginin dutsen da ke tsakiyar Chichen Itza, idan ka tsaya a gabanta sai ka ji ka ƙanƙance, tsayinta har da ɗakin da ke sama wajen mita 30 ne, fuska huɗu kowace da matakala 91, ka haɗa 364, ka ƙara dandamalin sama ya zama 365, kwanakin shekara cif. Sau biyu a shekara, a Maris da Satumba lokacin da dare da rana ke daidaita, inuwar la'asar takan sauko gefen matakala kaman maciji yana gangarowa har ta haɗu da kan macijin dutse da ke ƙasa, ni ban samu ganin wannan ba don na makara da wata guda. Amma na yi tafi a gaban matakalar kaman yadda kowa ke yi, amsa-kuwwar da ke dawowa ba tafi ba ce, wani ƙiyau ne irin kukan tsuntsu, na yi ta yi kaman yaro har tafina ya yi ja. An hana hawa yanzu, igiya ce zagaye da ita. Ga filin wasan ƙwallonsu mai tsawon mita 168, ya fi filin bal na yanzu nesa ba kusa ba, da zoben dutse can sama a bango, wai da ƙugu ake buga ƙwallon roba ba hannu ba ƙafa. Ga kuma ƙatuwar rijiyar da suke jefa zinariya da duwatsu masu daraja har da mutane don neman ruwan sama wajen gunkinsu Chaak. Wannan kam jahilci ne da shirka, ba zan shafa masa mai ba, na tsaya a bakinta jikina ya yi sanyi na yi ta'awwuzi na bar wurin. Amma mutanen da suka yi wannan su ne kuma suka san sifili a lissafi tun Turawa ba su san shi ba, ƙidayarsu ashirin-ashirin take tafiya, yatsun hannu da na ƙafa, kalandarsu wata 18 ne mai kwana 20 da ragowar kwana 5, kuma suna da rubutu nasu na kansu. Ka tuna surutun da aka yi cewa Maya sun ce duniya za ta tashi ran 21 ga Disamba 2012? Na tambayi direba, ya yi tsaki ya ce su ma a talabijin suka ji, kalanda ce ta cika zagaye ta koma farko shikenan.

Abin da ya sa ake cewa sun ɓace na gane shi. Manyan biranensu na kudu irin su Tikal da Kalakmul an watse an bar su tsakanin shekarun 800 zuwa 900, fari ya yi yawa, yaƙe-yaƙe tsakanin sarakuna, daji ya zo ya haɗiye gine-ginen. To amma mu Hausawa ai muna da sunan wannan, kufai. Alƙalawa ta zama kufai tun 1808, an ce Gobirawa sun ɓace? Surame ga ganuwarta nan ba kowa a ciki, Kabawa sun ƙare ne? Sarauta ce ta faɗi, manomi ya ɗau fartanyarsa ya matsa gaba. Ita Chichen Itza ma bayan faɗuwar na kudun ta yi tashenta. Shi kuwa Tulum ɗin da kuka sa hotonsa, lokacin da jiragen ruwan Sifaniyawa suka wuce ta gaɓar a 1518 da mutanensa a ciki suka hango shi.

Abin da ya ɓace da gaske littattafansu ne, kuma ba ɓacewa suka yi ba, ƙona su aka yi. Wani limamin coci Diego de Landa ya tara su a garin Mani a 1562 ya cinna musu wuta wai aikin shaiɗan ne, yau guda huɗu kacal suka rage a duniya, uku ma da sunan biranen Turai ake kiransu, Dresden da Madrid da Paris, don can suke ajiye. Duk da haka ba su miƙa wuya da sauƙi ba, daular Aztek ta tsakiyar Meksiko ta faɗi hannun Sifaniyawa a 1521 amma birnin Maya na ƙarshe mai cin gashin kansa sai 1697 aka ci shi. A 1847 kuma suka sake tashi da yaƙi a kan masu gonakin da suka mayar da su kaman bayi, har suka kafa hedikwatarsu a daji, Chan Santa Cruz, garin da yanzu ake kira Felipe Carrillo Puerto, sojan Meksiko ba su shige shi ba sai 1901. Ka lissafa, shekara biyu kenan kafin Turawa su ci Kano. Shi wannan bakin ruwan da ake kwanciya ana shan rana, kakannin masu kwashe ciyawar ne ke riƙe da dajinsa da bindiga a lokacin.

A hanyar dawowa sauran baƙin suka sauka a Valladolid za su kwana, sai direba ya ce in ban damu ba zai biya ya kai wa tsohuwarsa magani, ƙauyen ba nisa. Malam Edita wannan awa ɗayan ta fi mini duk sauran kwanakin. Ɗakin jinka ne mai zagayayyen gefe, bangon sanduna da yaɓe, a tsakar gida kaji da talotalo, tsohuwar tana zaune kan 'yar kujera cikin farar riga mai surfanin furanni a wuya da ƙasa, gabanta murhu na duwatsu uku, wallahi uku irin na kakata a ƙauye, da faifan ƙarfe a kai tana ɗebo ƙullin masara tana lailayawa da yatsu tana ɗorawa, kafin ka ƙifta ido ta kumbura ta juya ta. Masarar sai an dafa ta da farar ƙasa ta kwana a jiƙe kafin a niƙa, shi ke ba ta wannan ƙamshin. Gonarsu kuma masara da wake da kabewa a haɗe wuri guda, kaman yadda muke haɗa gero da wake. Ba ta jin Sifaniyanci sosai balle Turanci, ɗanta ya gaya mata ba na cin alade sai ta dafa mini ƙwai ta barbaɗa garin 'ya'yan kabewa da gishiri, ta yi ta tura mini gurasa mai zafi ɗaya bayan ɗaya tana kallon hulata tana dariya. Na tambaya yaya zan ce na gode, ya ce Dios bo'otik, na ce me yake nufi kalma da kalma, ya ce Allah ya biya. Na yi shiru na ɗan lokaci, don abin da zan ce wa tsohuwa a gida kenan.

Jikokinta biyu suna wajen suna danna waya, ta yi musu magana da Maya su amsa da Sifaniyanci. Uban ya ce suna ji amma kunyar yi suke, shi ma da yana makaranta dariya ake musu idan suka yi, kuma a wajen neman aikin otal Turanci ake tambaya ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya iya yaren uwarsa. Na tuna 'ya'yan ƙanina a Abuja da kake ce musu ina kwana su ce maka fain. Abin haushin shi ne sunan Maya kuwa ko'ina kuɗi yake kawowa, gaɓar gaba ɗaya Riviera Maya ake tallarta, otal Maya, wurin tausa Maya, har jirgin ƙasan da aka fara buɗewa a Disamba 2023 mai layin sama da kilomita 1,500 sunansa Tren Maya, amma masu sunan su ne a bakin ƙofa da tsintsiya, ko a cikin Chichen Itza suna bin ka da gumakan katako da wani usur mai gurnanin damisa suna dala ɗaya dala ɗaya, idan ka tsaya kuma dala ɗayan ta zama ashirin. Nan dai ba su ci ribata ba, mutumin Dawanau ne, har mai kayan ya ce daga wace ƙasa kake, kai ka fi mu.

Tulum na je washegari, ƙarami ne idan ka gwada da Chichen Itza, ganuwa ta gefe uku teku ta gefe na huɗu, ginin na kan gaɓar dutse mai tsayin wajen mita 12, ƙadangaru manya kaman damo kwance ko'ina ba sa ko motsi. Rana ta gasa ni ga cunkoso, awa ɗaya da rabi na fito. Abin da ya wanke mini rai senote ne, wato kogon ruwa, don arewacin Yukatan ba kogi a sarari, ƙasar dutsen farar ƙasa ce ruwan duk ta ƙarƙashi yake bi, inda rufin ya rufta sai ka ga rijiya ƙatuwa, ruwan sanyi ƙalau har kana ganin ƙananan kifi na zagaya ƙafarka. Ni da ban iya iyo ba rigar ceto na ɗaura na riƙe igiya kaman akuyar da za a kai kasuwa. Mai niyyar zuwa ya sani daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, kuma kar ya je wuraren tarihi ran Lahadi don ranar 'yan ƙasa ke shiga da sauƙi, ba masaka tsinke.

Don haka roƙona dan Allah ku gyara wannan layin a fitowa ta gaba, ko da a ɗan lungu ne, ku ce biranen ne suka zama kufai mutanen suna nan. Direban nan muna gaisawa a WhatsApp har yanzu, ban dai tura masa hoton shafin ba don kunya. Kafin in taho na sayi ragar kwanciya irin tasu wajen maƙwabciyar tsohuwar, saƙar hannu, su a kanta suke barci ba gado ba, kowane ɗaki da ƙugiyoyinsa a bango. Tawa tana nan cikin leda a saman kwaba tun Afrilu, uwargida ta ce ba mai fasa mata bango sabon fenti, idan lilo nake so in tafi gindin darbejiya.

Naku,
Mai karatu daga kasuwar Dawanau, Kano